Inge Lehmann: Matar da ta gano abin da ke can ƙuryar cikin duniya

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa yana yankin Kola a arewa maso yammacin Rasha. An fara haƙarsa a 1970, a 1989 kuma ya kai zurfin mita 12,262, daga nan zafin da ke ƙasa ya gagari na'urorin haƙar. Alhali daga inda muke takawa zuwa tsakiyar duniya tafiya ce ta kimanin kilomita 6,371, wato abin da aka haƙa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar na hanyar ba. Duk da haka ɗalibin sakandare a yau zai iya zana hoton cikin duniya hawa-hawa, ya nuna inda dutse ya ƙare da inda narkakken ƙarfe ya fara. Hawan ƙarshe na wannan hoto, wanda ya fi kowanne nisa, wata mata ce 'yar ƙasar Danmak mai suna Inge Lehmann ta gano shi a 1936, da fensir da takarda da tarin katuttukan da take jerawa a cikin kwalaye.

Tasowarta

An haifi Inge Lehmann ranar 13 ga Mayun 1888 a unguwar Osterbro da ke birnin Kofenhagen. Mahaifinta, Alfred Lehmann, malami ne a Jami'ar Kofenhagen, yana kuma cikin waɗanda suka fara nazarin halayyar ɗan Adam ta hanyar gwaji a ƙasar. Iyayenta sun saka ta a makarantar da wata malama mai suna Hanna Adler ta kafa, wadda 'yar'uwar mahaifiyar shahararren masanin kimiyyar nan Niels Bohr ce. A wannan makaranta yara maza da mata aji ɗaya suke zama, darasi ɗaya ake ba su, ma'auni ɗaya ake auna su da shi, abin da ba a saba gani ba a Turai ta wancan zamani. Da wannan tarbiyya ta tashi, sai bayan ta fita daga makarantar ne ta tarar cewa sauran jama'a ba haka suke kallon mace ba.

A 1907 ta shiga Jami'ar Kofenhagen tana karanta lissafi da kimiyya, a 1910 kuma ta wuce Kwalejin Newnham ta Jami'ar Kambirij a Ingila. A lokacin mace na iya halartar darasi a Kambirij har ta zauna jarrabawa, amma jami'ar ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai a 1948. Ta duƙufa ga karatu har jikinta ya gaza, dole ta koma gida a ƙarshen 1911 ba ta kammala ba. Shekarun da suka biyo baya ta yi su ne a wani ofishin lissafin inshora, kullum tana fama da dogayen jerin alƙaluma. Mai kallo daga nesa zai ce shekarun sun tafi a banza, amma a can ta goge wajen yin lissafi mai tsawo da hannu ba tare da kuskure ba, kuma wannan gogewa ce ta zame mata jari daga baya. Ta koma jami'a a 1918, ta karɓi digirinta a 1920 tana da shekara 32.

A 1923 ta zama mataimakiya ga Farfesa J. F. Steffensen, masanin lissafin inshora. A 1925 ta koma ƙarƙashin Niels Erik Norlund, wanda yake shirin kafa tashoshin auna girgizar ƙasa a Danmak da tsibirin Girinlan. Danmak ba ƙasar girgiza ba ce, kuma babu wani malamin wannan fanni da zai koyar da ita a gida, saboda haka da kanta ta koya, ta kuma zaga wasu tashoshi a Turai, inda ta zauna na ɗan lokaci da Beno Gutenberg a Jamus. A 1928 ta samu digiri na biyu a ilimin awon ƙasa, aka naɗa ta shugabar sashen nazarin girgizar ƙasa na Cibiyar Awon Ƙasa ta Danmak. Tashoshi uku ne a hannunta: ta Kofenhagen, da ta Ivigtut da ta Scoresbysund a Girinlan. Wannan kujera ta riƙe har tsawon shekara 25.

Yadda girgizar ƙasa ke ba da labarin cikin duniya

Mai sayen kankana ba ya fasa ta kafin ya san halin cikinta, ƙwanƙwasawa yake yi ya saurari amon da za ta bayar. Masu nazarin cikin duniya su ma saurare suke yi, sai dai ba su da hannun da zai ƙwanƙwasa duniya, don haka girgizar ƙasa suke jira ta yi musu wannan aiki. Duk lokacin da aka yi babbar girgiza, motsinta yana bazuwa ta cikin jikin duniya zuwa kowane ɓangare, na'urorin da ke tashoshi masu nisa kuma suna zana isowarsa a kan takarda, da sa'a da minti da daƙiƙa.

Igiyoyin girgiza iri biyu ne suke ratsa cikin duniya. Ta farko, wadda ake yi wa alama da harafin P, tana tafiya ne ta hanyar turawa da sakewa, kamar yadda sauti ke tafiya a cikin iska. Ita ce mafi sauri, tana kuma ratsa dutse da ruwa baki ɗaya. Ta biyu, mai alamar S, gefe da gefe take karkaɗa abin da take ratsawa, irin tafiyar maciji, kuma ba ta iya bi ta cikin abu mai ruwa-ruwa, domin ruwa ba ya da ƙarfin da zai riƙe irin wannan karkaɗawa. Bayan haka, duk inda igiya ta fita daga wani nau'in abu ta shiga wani, saurinta yana canzawa, hanyarta ta karkace, kamar yadda ake ganin sanda ta tanƙware idan aka tsoma rabinta a ruwa. Wanda ya san lokacin da girgiza ta auku da lokacin da ta isa kowace tasha, zai iya lissafa irin hanyar da ta bi da abin da ta ci karo da shi.

Tun kafin a fara wannan saurare akwai abin da ya nuna cewa cikin duniya ya bambanta da bayanta. A 1798 Henry Cavendish a Ingila ya auna, ya gano cewa duniya a dunƙule ta ninka ruwa mai girmanta nauyi kusan sau biyar da rabi, alhali duwatsun da muke gani a sarari ba su kai ninki uku ba. Ashe akwai wani abu mai tsananin nauyi a ɓoye can ciki. A 1906 Richard Dixon Oldham, Bature ɗan Birtaniya da ya daɗe yana aiki a Indiya, ya nuna daga lokutan isowar igiyoyi cewa duniya tana da cibiya ta daban a tsakiyarta. A 1909 girgizar da ta auku kusa da Zagreb ta ba Andrija Mohorovicic na Kuroshiya damar gano iyakar da ta raba ɓawon duniya da abin da ke ƙarƙashinsa. Bayan 'yan shekaru Gutenberg ya lissafa cewa cibiyar tana farawa ne a zurfin kimanin kilomita 2,900, a 1926 kuma Harold Jeffreys na Kambirij ya kawo hujja mai ƙarfi cewa cibiyar a narke take. A farkon shekarun 1930 masana sun natsu a kan hawa uku: ɓawo, da tsokar dutse mai kauri, da cibiya ta narkakken ƙarfe tun daga bakinta har tsakiyarta.

Wannan hoto yana da wani sakamako da ake iya gwadawa. Tunda igiyar P tana rage sauri ta karkace sosai idan ta shiga narkakkiyar cibiya, to dole a samu wani yanki a bayan ƙasa wanda ba za ta isa gare shi ba, daga nisan kimanin kilomita 11,500 zuwa 15,500 daga wurin girgizar. Ana kiransa yankin inuwa. Tashar da ta faɗo cikin wannan yanki bai kamata ta ga isowar igiyar P kai tsaye ba.

Girgizar 1929 da kwalayen katuttuka

Ranar 17 ga Yunin 1929 babbar girgiza ta auku kusa da garin Murchison a tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan, ta halaka mutum 17. Nisan da ke tsakanin wannan wuri da tashoshin Turai da Siberiya ya sa igiyoyinta suka ratsa can cikin duniya kafin su iso, kuma wasu tashoshin sun faɗo daidai cikin yankin inuwa. Da Lehmann ta tattara takardun da tashoshin suka zana, sai ta ga alamun isowar igiyar P a wuraren da ake sa ran shiru, musamman a Sverdlovsk da Irkutsk na Tarayyar Sobiyat.

Ba ita ce ta fara ganin irin waɗannan ƙananan alamu ba. Waɗanda suka gan su kafin ita sun ɗauka ragowar motsi ne da ya lallaɓa ta gefen cibiya ya shiga inuwar, kamar yadda mutum yake jin murya daga bayan katanga. Ita kuwa ta ga alamun sun fi ƙarfin wannan bayani, kuma lokutan isowarsu suna bin wani tsari nasu. Babu kwamfuta a zamanin. Kowace girgiza da kowace tasha tana da katinta, a kansa an rubuta nisa da lokaci, katuttukan kuma a jere suke cikin kwalayen hatsin karin kumallo da aka cinye abin cikinsu. Galibin wannan bincike a lokacinta na hutu ta yi shi, domin aikin ofis na yau da kullum, wato kula da tashoshi da karanta takardunsu da fitar da rahoto, kusan duk a kanta yake.

Hanyar da ta bi mai sauƙi ce. Ta zana duniya a takarda, ta ba tsokar dutse sauri ɗaya, ta ba cibiya sauri ɗaya, domin igiyoyi su zama miƙaƙƙun layuka da za a iya lissafawa da hannu. Sannan ta saka wata ƙaramar cibiya a cikin babbar, wadda igiyar P ke ƙara sauri idan ta shige ta. Nan take lissafi ya nuna cewa wasu igiyoyin da suka nitse can ƙasa za su bugi fuskar wannan ƙaramar cibiya su juyo sama, su ɓullo a cikin yankin inuwa, a kusan lokutan da tashoshin suka rubuta. Ta ƙiyasta cewa daga tsakiyar duniya zuwa bakin wannan sabon hawa akwai kimanin kilomita 1,400.

Ta wallafa sakamakon a 1936 a wata maƙala wadda sunanta duka bai wuce harafin P da 'yar alama a kafaɗarsa ba. Ba ta cika baki a cikinta ba. Ta gabatar da abin a matsayin bayanin da ya fi dacewa da alƙaluman da ke hannu, wanda yake buƙatar ƙarin gwaji, kuma ba ta yanke hukunci a kan ko ƙaramar cibiyar daskararriya ce ko narkakkiya ba. Abin da ke gabanta ba ƙarami ba ne, domin ma'aikaciya ce a ƙaramar ƙasar da ba ta san girgiza ba, ga shi tana gyara wa manyan malaman fannin zanensu. Da lissafin ya zo da tangarɗa, da wuya a sake saurarenta. Sai ga shi a 1938 Gutenberg da Charles Richter a Amurka sun gwada bayanin da nasu alƙaluman sun karɓe shi, Jeffreys ma ya bi sahu a 1939.

Tabbatar da cewa cibiyar cikin daskararriya ce ya ɗauki wasu shekaru 35. Francis Birch a 1940 da Keith Bullen a 1946 sun kawo dalilan da ke nuna haka, amma sai a 1971 Adam Dziewonski da Freeman Gilbert suka samu hujja daga yadda duniya baki ɗaya take amsa kuwwa kamar ƙararrawa bayan manyan girgizoji. Lehmann tana raye ta ga wannan rana, tana da shekara 83.

Hoton da aka samu

A yau hawa huɗu ake lissafawa, kuma ɗanyen mangwaro ya isa misali: ɓawo, tsoka, ƙwallo, da ƙwayar da ke cikin ƙwallon. Ɓawon duniya siriri ne ƙwarai, kilomita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin teku, 30 zuwa 50 a ƙarƙashin nahiyoyi, yana kaiwa kusan 70 a ƙarƙashin tsaunukan Himalaya. Dukan rijiyoyi da ma'adinai da man fetur da ɗan Adam ya taɓa haƙowa daga wannan ɓawo suka fito.

A ƙarƙashinsa akwai tsokar duniya, wadda ta kai zurfin kimanin kilomita 2,890, ta kuma cinye kusan kashi 84 cikin ɗari na girman duniya. Dutse ce mai yawan sinadarin magniziyam da ƙarfe. Daskararriya ce, shi ya sa igiyar S take ratsa ta, amma saboda zafi tana motsi a hankali, 'yan santimitoci a shekara, kuma wannan motsi yana da hannu a gocewar nahiyoyi da aman wutar duwatsu da ita kanta girgizar ƙasa.

Daga nan zuwa zurfin kimanin kilomita 5,150 cibiyar waje ce, narkakken ƙarfe gauraye da nikel da wasu sinadarai marasa nauyi. Jujjuyawar wannan ruwan ƙarfe ce take haifar da ƙarfin maganaɗisun duniya, wanda yake juya allurar kamfas ɗin da matafiyi yake neman arewa da shi, masallaci kuma yake daidaita alƙibla, yake kuma kare duniya daga iskar barbashin da rana ke fesowa.

Can ƙurya sai cibiyar ciki, wadda Lehmann ta gano. Awon zamani ya nuna cewa daga tsakiyarta zuwa bakinta kimanin kilomita 1,220 ne, wato faɗinta ya kai kusan kashi bakwai cikin goma na faɗin wata, kuma bai yi nisa da ƙiyasin da ta yi da fensir ba. Zafinta ya haura digiri 5,000 a ma'aunin Salshiyos, yana gogayya da zafin fuskar rana, amma ƙarfen bai narke ba, domin nauyin da ke danne shi ya ninka na iskar da ke kanmu fiye da sau miliyan uku. Yayin da duniya take hucewa sannu a hankali, narkakken ƙarfe yana ƙara daskarewa a jikin wannan ƙwaya, kimanin milimita ɗaya a shekara bisa ƙiyasin masana, kuma zafi da sinadaran da wannan daskarewa take saki suna cikin abin da ke motsa cibiyar waje.

Bayan ritaya

Sunan da ta yi a waje bai sauya matsayinta a gida ba. A 1940 Jamus ta mamaye Danmak, hulɗa da Girinlan da sauran masana ta yanke, bincikenta ya yi rauni har zuwa ƙarshen yaƙin a 1945. A 1952 sunanta ya shiga cikin waɗanda aka duba domin kujerar farfesa a Jami'ar Kofenhagen, amma ba a ba ta ba. Shekara guda bayan haka ta ajiye aikin gwamnati tana da shekara 65.

Wannan ritaya ce ta buɗe mata ƙofa. Ta riƙa yin doguwar zama a Amurka da Kanada, musamman a cibiyar Lamont ta Jami'ar Kolumbiya, inda ta yi aiki tare da Maurice Ewing da Frank Press. Zamanin yaƙin cacar baka ne, manyan ƙasashe suna gwajin bama-baman nukiliya a ƙarƙashin ƙasa, kowacce kuma tana son sanin lokacin da abokiyar gabarta ta yi nata gwajin. Wannan ya sa aka zuba kuɗi a fannin auna girgiza, aka kafa tashoshi masu inganci a faɗin duniya. Ga mai nazari irinta fashewar bam tana da wani amfani da girgiza ba ta da shi, domin an san ainihin wurinta da daƙiƙar da ta auku. Da irin waɗannan alƙaluma ta yi nazarin saman tsokar duniya, ta bayyana wata iyaka a zurfin kimanin kilomita 220 inda saurin igiyoyi ke ƙaruwa. Har yau da sunanta ake kiran wannan iyaka.

Karramawa ta zo a makare, amma ta zo. Jami'ar Kolumbiya ta ba ta digirin girmamawa a 1964, Jami'ar Kofenhagen ta bi baya a 1968. A 1969 Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Birtaniya ta zaɓe ta a matsayin mamba daga ƙasar waje. A 1971 ta zama mace ta farko da ta samu lambar William Bowie, mafi girman lambar da ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka take bayarwa, a 1977 kuma ƙungiyar masana girgizar ƙasa ta Amurka ta ba ta tata lambar.

Ba ta yi aure ba. An san ta da son kaɗaici da ƙin hayaniya, da sha'awar hawan duwatsu da tafiya a kan ƙanƙara, da kuma rashin yarda da alƙalumin da ba ta duba shi da idonta ba. Maƙalarta ta ƙarshe, wadda ta waiwayi yadda ake aikin auna girgiza a zamanin da, ta fito a 1987, shekarar da ta cika 99. Ta rasu ranar 21 ga Fabrairun 1993 tana da shekara 104. A 1997 ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka ta fara bayar da lambar yabo mai ɗauke da sunanta, wadda ake ba waɗanda suka yi fice wajen binciken tsoka da cibiyar duniya, an kuma raɗa wa wani ƙaramin dutsen sararin samaniya mai lamba 5632 sunanta.